Kuɗin fulawar biki ya kusa kamo na abinci, ta ina za a rage?

Tambaya: "Salamu alaikum Anti. Ƙanwata ce za ta yi aure ƙarshen Disamba in sha Allah, ni ce babba kuma ni aka ɗora wa maganar deko. Mai deko ya kawo mana lissafi, wallahi kuɗin fulawa kaɗai ya kusa kamo kuɗin abincin mutum 200. Amarya ta kafe ita ros na gaske take so irin wanda take gani a Instagram, Mama kuma ta ce ba za ta ci bashi a kan abin da zai bushe a kwana ɗaya ba. Lalle a gida za a yi nan Mamobi a Accra, ranar Lahadi bayan ɗaurin aure sai a wuce hol. Don Allah ta ina zan rage ba tare da wurin ya fito kamar an yi rowa ba?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. In na fahimce ki, kin shiga tsakanin mutum biyu ne kuma kowacce da gaskiyarta, amarya tana so ranarta ta yi kyau a ido da hoto, Mama kuma tana duba abin da zai biyo bayan biki. To ki kwantar da hankalinki, ana iya gamsar da su duka. Sana'ata kenan, kuma na fi samun riba in an ce a cika wuri da fulawa ta gaske, amma gaskiya ita ce yawancin kuɗin da ake zubawa a nan yana tafiya ne a wuraren da ba mai kallo. Ros na gaske wuri biyu yake da aiki, hannun amarya da inda za ta zauna. Sauran hol ɗin akwai abin da zai riƙe shi da araha.

Me ya sa ros yake da tsada haka

Kafin ki zargi mai dekonku da cuta, ki san hanyar da furen nan yake biyowa. Ros mai babban kai da dogon kara da ake yi wa amare ado da shi ba ya son zafinmu. Mafi yawansa daga Kenya yake zuwa, gonakin da ke kewaye da tafkin Naivasha inda ƙasa ke da tudu da sanyi, wani daga Habasha, wani kuma sai ya bi ta kasuwar fulawa ta Holan kafin ya iso. Ana yanke shi, a sa shi a ɗakin sanyi kamar digiri 2 zuwa 4, a ɗora a jirgin sama, a sauke a Accra, a biya kuɗin fito, a sake kai shi ɗakin sanyi. Hukuncinsa ɗaya da ɗanyen kifi, sanyi ya yanke a hanya to asara ta fara. Kuma kowane mataki da dala ake lissafinsa. Duk wanda ya yi sana'ar nan a 2022 ya san abin da nake faɗa, shekarar da aka fara dala tana wajen sidi 6 kuɗinmu na Ghana, kafin Nuwamba ta haura 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba, lissafin da mai deko ya ba uwar amarya wata biyu da suka wuce sai ya zama bai ko sayi rabin kayan ba. Tun daga lokacin masu deko da yawa suka koyi sa rara a lissafi don kare kansu, kuma ko da sidi ya farfaɗo ba kowa ke cire rarar nan ba sai an tambaye shi.

Sannan a kowane ɗauri da aka buɗe sai an samu wanda kansa ya karye ko gefensa ya yi baƙi, dole a saya fiye da abin da ake buƙata. Ga kuma lokaci. Disamba a Accra ba wasa ba ce, mutanenmu na Amurka da Ingila da Jamus sun dawo hutu, tun shekarar 2019 da aka yi gangamin dawowa gida abin ya ƙara cika, coci biki, Zango biki, otal-otal duk suna son fulawa. Lokacin da ya fi shi muni shi ne makon 14 ga Fabrairu, nan jan ros sai mai rabo, sai kuma Lahadi ta biyu a Mayu ranar iyaye mata. Ranarku an riga an sa, ba zan ce a ɗaga ba, amma wanda bai tsayar da rana ba ya riƙe wannan.

Yi lissafin da kanki

Ɗauki biro. Mutum 200, goma a kowane tebur, tebur 20 kenan. In an sa ros 12 a tsakiyar kowane tebur, ros 240 sun tafi, ba a taɓa bayan kujerar amarya ba, ba a taɓa ƙofar shiga ba, ba a yi buke ba, wato ɗaurin furen da amarya take riƙewa a hannu. Yanzu ki tuna bikin da kika je na ƙarshe, me ya faru da tsakiyar teburin bayan minti ashirin da zama? Ruwa da sobolo da lemo sun hau, takeawe ta hau, jakunkunan Hajiyoyi da ledar rabo sun hau, wata ma sai ta ɗauke fulawar ta ajiye a ƙasa don ta ga ƙawarta da ke ɗaya gefen. Ni da idona na sha ganin aikin da muka kwana muna yi a ƙarƙashin tebur kusa da takalma. Mai hoto kuma ba teburin baƙi yake bi ba, amarya yake bi, shigowarta, zamanta, yanka kek, rawa da liƙi. Hotunan da ƙanwarki za ta riƙa dubawa shekara da shekaru kusan duka a wuri ɗaya za a ɗauke su.

Don haka abu na farko, ki koma wurin mai deko ki ce ya rarraba miki lissafin a rubuce, kada ya ba ki dunƙule. Buke nawa, bayan kujera nawa, kowane tebur nawa, ƙofa nawa, mota da leburori nawa, kuma a kowanne ya rubuta na gaske ne ko na roba, saye ne ko haya. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Sau da yawa a nan ne za ki gano an caje ku kuɗin na gaske alhali rabin abin da za a kafa na roba ne wanda yake da shi a sito. Haɗa na gaske da na roba ba laifi ba ne, kowa na yi, laifin a ɓoye miki ne.

Inda za a sa na gaske

Buke kada a taɓa shi. A hannunta yake, kusa da fuskarta, kyamara tana matsowa har a ga raɓar da aka fesa, nan roba ba ta ɓoyuwa. Ros kamar 20 sun yi buke mai kyau, in an haɗa da ƙananan fararen nan da muke ce wa jibso da ɗan ganye ma ba sai sun kai haka ba. In za a sa lili a ciki a cire 'yan sandunan garin da ke tsakiyarsa tun yana fara buɗewa, don garin nan mai ruwan lemo in ya taɓa farin leshi ba ya fita da sauƙi.

Na biyu teburin da ke gaban amarya da ango, da daidai inda kawunansu za su kai in sun zauna. Yadda nake yi, bangon baya da sama can inda hannu ba ya kaiwa duk na roba ne mai kyau, sai a daidai ido da inda za a iya taɓawa in cusa na gaske a tsakani. Wanda ya matso ya taɓa ya ji na gaske ne har da ƙamshi, shikenan ya yarda da sauran. Daga taku biyar ba mai rarrabewa, a hoto kam ko ni sai na ƙura ido. Ki nuna wa amarya wannan, ki kuma faɗa mata yawancin bangon fulawar da take gani a Instagram na roba ne, wanda kuma yake na gaske an yi shi ne a wurin da ke da sanyi da kuɗin da ba irin namu ba.

Abu ɗaya da zai rage miki sosai, ku zaɓi launi, kada ku kafe a kan suna. In yayin biki, wato ankon da za a saka, ruwan hoda ne da fari, ki ce wa mai deko ruwan hoda da fari kuke so, ya kawo abin da ya fi sauƙi a makon. Kanashan da kirisantimom sun fi ros araha nesa ba kusa ba, kuma sun fi shi jure zafi, suna iya kwana goma ko fiye a ruwa. Mutane suna raina kanashan don sun saba ganinsa ɗaya-ɗaya a leda, amma a tara shi da yawa launi ɗaya a matse, wallahi sai an tambaye ki sunansa. Wanda zan ce ku guje shi ne haidiranjiya, mai babban kai kamar ƙwallo, tsada gare shi kuma da ya ji ƙishi awa ɗaya ya langaɓe.

Abin da ƙasarmu take fitarwa

Wannan ne yake min ciwo, muna zaune a ƙasar da ganye ke fitowa ko ba a roƙe shi ba amma sai mu ɗauki dala mu sayo na wasu. Helikoniya mai ja da rawaya, furen citta mai jan kai, anturiyum mai sheƙi, duk suna yi a nan, an halicce su don zafi, kuma guda uku a dogon kwalba sun cika ido fiye da ros goma. Su ba a sa su a firji ma, sanyi ne yake baƙanta su. Ga ganyen kwakwa da na dabinon ado, ga babban ganyen nan mai tsage-tsage, ga kuroton mai launi-launi. Masu rainon shuke-shuke a bakin titi suna nan ta Spintex da East Legon da hanyar da ta bi Madina da Adenta ta hau dutsen Aburi, inda lambun gwamnati yake tun 1890. Ki je da kanki wata Asabar da safe, ki ga abin da ke akwai, ki tambayi mai lambu ko yana yanka ya sayar, ko yana ba da hayar shuka a tukunya. Da yawa suna bayarwa. Tukunyar dabinon ado shida a bakin ƙofa da gefen dandamali, an naɗe tukwanen da farin yadi, sun gama miki maganar ƙofa, washegari a mayar masa da kayansa.

Amma kowanne da halinsa. Bogenbiliya da ke kan katangar kowane gida tana da kyau kuma kyauta ce in maƙwabci ya yarda, sai dai da an yanke ta take fara saki, sai a safiyar ranar, ko kuma a kawo ta a tukunyarta. Firanjipani mai fari da rawaya a tsakiya, ki tsinko kawunan ki zuba a faffaɗan kwanon gilas da ruwa, yana da ƙamshi, amma a kula da farin ruwan da ke fita daga reshensa, yana ƙaiƙayi kuma ba a so ya shiga ido. Habiskos kwana ɗaya yake yi, a bar shi a bishiyarsa. Oliyanda kuma, mai siririn ganye da furen hoda da ake shukawa a bakin hanya, guba ce, kada ta kusanci teburin abinci ko inda yara suke.

Teburin baƙi ga yadda za a yi shi. A jiƙa soson fulawa, wanda ake soka fure a ciki, a bokiti, a bar shi ya nutse da kansa, in an danna shi da hannu tsakiyarsa ba ta shan ruwa. A zaunar da shi a ƙaramin kwano, a fara soka ganye ta gefe-gefe har soson ya ɓace gaba ɗaya, sannan a kawo fure uku kawai, ɗaya a sama biyu a ƙasa kaɗan, a cike giɓi da jibso. Kada tsayinsa ya tare fuskar wanda ke zaune. Tebur 20 fure 60 kenan maimakon 240. In kina so ki ƙara ragewa, teburan gaba na iyaye da manyan baƙi su samu wannan, na baya a sa musu na roba ko fitilar ado mai batir.

Maganar na roba, in kin shiga kasuwar Makola za ki ga iri-iri, yawanci daga China. Mai deko zai ce miki araha ba ta ado, kuma a nan yana da gaskiya, mai sheƙi kamar leda da koren ganye mai ƙyalli shi ne yake tona asiri. Ki nemi mai taushi kamar yadi wanda launinsa bai yi kauri ba. Kuma haya ta fi saye, sai dai in akwai wasu 'yan mata a gidan da ke kan layi, to sai ku saya ku adana a akwati mai murfi saboda ƙura.

Ranar lalle da ranar hol

Bikinmu na Zango ba yini ɗaya ba ne, nan ne mutane suke faɗawa rami, sai a sayi fulawa ta gaske don lalle, a sake saya don Lahadi. Ranar lalle a gida ko a bakin layi ƙarƙashin kanopi ba ta buƙatar ko ɗaya. Yadi mai launi, darduma, filalla, tiren lalle da aka yi wa ado, turaren wuta yana tashi, 'yan mata sun sha yayi, ai wurin ya cika. In ana son fure a sa na roban da za a kai hol, a biya haya ɗaya a ci moriya biyu, ki faɗa wa mai deko tun yanzu ya sa a yarjejeniya.

Akwai wani biki da aka yi a fili, ba cikin hol ba, da na yi wa aiki, iyayen suka ce lallai farin ros kuma a gama kafawa tun ƙarfe goma na safe don kada baƙi su tarar ana aiki. Na yi bayani, aka ce a yi haka. Amarya ba ta fito daga wurin kwalliya ba sai bayan la'asar. Kafin ta zauna kawunan ros ɗin sun sunkuya, gefen ganyen furen ya koma ruwan ƙasa, muna bi muna fesa ruwa muna cire waɗanda suka mutu, uwar tana kallo ranta a ɓace. Kuɗi mai yawa ne ya tafi kuma amarya ba ta ga abin da aka saya mata ba. Ku da za ku yi a ƙarshen Disamba ga hunturu, iska a bushe ga ƙura, fure yana saurin shan wahala ko a inuwa. Ki tambayi masu hol ƙarfe nawa za su kunna AC, kuma suna da janareta in an ɗauke wuta. A kafa komai na roba da ganye da wuri, na gaske ya zauna a bokiti a ɗaki mai sanyi sai saura awa ɗaya ko biyu amarya ta iso, lokacin da za ta iso da gaske nake nufi, ba wanda aka buga a kati ba.

Ko ku yi da kanku?

Za ki ji masu cewa ku sayo a wurin dila ku haɗa a gida. Ana ragewa kam, amma ke ce babbar ya, ranar Asabar da dare kina kan maganar abinci da baƙin Kumasi da na Tamale da suka sauka da kayan da tela bai gama ba. Sai in kina da mutum biyu ko uku da ba su da wani aiki sai wannan. In akwai su, su ɗauki teburan baƙi kawai, buke da wurin zaman amarya a bar wa mai sana'a. A karɓo furen kwana biyu kafin ranar don ya samu buɗewa, a wanke bokiti tas, a yanke ƙasan kara a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire duk ganyen da zai shiga ruwa, a ɗiga ɗan bilic kaɗan da ɗan sukari in ba a samu maganin da ake sayarwa tare da shi ba. Kada a ajiye kusa da ayaba ko tumatir ko mangwaro, iskar da suke fitarwa in suna nuna tana tsofar da fure, shi ya sa firjin kicin ma ba wurinsa ba ne, firiza kuwa kashe shi za ta yi.

Wata dabarar, ki tambayi masu hol wa ya kama wurin ranar Asabar. Sau da yawa akwai bikin coci kwana ɗaya kafin namu, in launinku bai yi nisa da nasu ba ana iya magana da mai dekonsu ya bar ƙarafa da yadi da fulawar roba a kafe, ku biya kuɗin kwana ɗaya da ɗan gyara, kun huta da kuɗin mota da na kafawa. Ba kullum ake dacewa ba amma tambaya ba ta cin kuɗi.

Farashi dai ba zan sa miki lamba a nan ba, don abin da ke bin dala da jirgi yana iya canzawa tsakanin yau da Disamba, kuma girman hol da tsayin rufinsa suna canza yawan abin da zai cika shi, wuri mai dogon rufi yana cinye ado. Ki samu lissafi daga mutum uku a kan abu iri ɗaya, ki nemi hoton aikin da suka yi da hannunsu ba wanda suka ɗauko a intanet ba. Wanda kuka daidaita da shi ki ba shi kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, don shaida ta zauna a waya, a rubuta cewa farashin ya tsaya, a rubuta wa zai biya in kwalba ta fashe ko baƙi sun tafi da na roba gida, don suna tafiya da shi, musamman in MC bai sanar cewa na haya ne ba. In za ki matsa a rage, ki matsa a kan yawan fure da wuraren da za a sa shi, kada ki matsa a kan kuɗin yaran da za su hau tsani tun asuba su kuma dawo kwancewa da tsakar dare.

Kafin ki koma wurin mai deko ki zaunar da Mama da amarya wuri ɗaya da takardar lissafin a gabanku, ki ce wa amarya buke da wurin zamanta nata ne ta zaɓi abin da ranta yake so, sauran kuma ta bar muku. Ki turo min hoton hol ɗin da launin yayin in kin samu, sai in faɗa miki furen gida da zai shiga da shi. A gaida Mama.